Ranar da Makaɗin Bulugiras Zai Sa Sunansa a Kan Kundi

Wani ɗan'uwa mai aikin haɗa sauti a wani situdiyo a Kaduna ya aiko da wannan tambaya: "Na daɗe ina sauraron kiɗan bulugiras na Amurka a YouTube. Kwanan baya na ga an ce wani makaɗin mandolin da ya shafe shekaru yana bin ƙungiyoyin wasu ya fitar da kundinsa na farko na ƙashin kansa. Da na saurara sai na ji mutum biyar ne dai ke kiɗan kamar kullum. To me ya canza? Me ya sa mutum zai jira tsawon wannan lokaci? Kuma yaya ake ɗaukar irin wannan kiɗa, tunda babu ganga, babu kwamfutar da ke buga kiɗa?"

Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Mutum biyar ɗin ne, wani lokaci ma shida, kuma haka za ka ji a kusan kowane kundi irin wannan. Bulugiras ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Abin da ya canza shi ne wanda ke yanke hukunci, da wanda ke biyan kuɗi, da wanda za a kama da laifi idan aikin bai yi kyau ba. Jiya wannan makaɗi yana tsaye a gefe, ubangidansa ya zaɓi waƙa, ya zaɓi saurinta, ya ɗaga masa kai idan lokacin shigarsa ya yi. Yau duk wannan ya dawo kansa, kuma da yawa daga cikin gwanayen hannu sai a ranar suke gane cewa iya kiɗa daban, sanin abin da kake son faɗa daban.

Sai ka san yadda aka gina kiɗan kafin wannan ya fito maka sosai. Kayan da aka saba su ne jita, banjo mai tsirkiya biyar, mandolin mai kama da ƙaramar jita, goge irin na Turawa, da babban bes na tsaye, wani lokaci a ƙara da dobro, wato jitar da ake kwantarwa a goga mata ƙarfe. Babu mai lantarki a cikinsu bisa asali. Aikin ganga an raba shi ne tsakanin mutum biyu: bes ya buga, mandolin ya sara a tsakanin bugun, gajeren sara mai kaifi. Jita ta cike tsakaninsu, banjo kuma yana ta zuba ƙananan sautuka da yatsu uku. Bayan kowane baiti da amshi sai a ba wani fili ya kaɗa karin waƙar yadda ya ga dama, sauran su ja baya su tallafe shi. Saboda haka kowane makaɗi yana shafe mafi yawan lokacinsa a kan dandali yana yi wa wani hidima ne.

Wannan tsari ya zauna ne a ƙungiyar Bill Monroe, mutumin Rosine a jihar Kentucky, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1996. Sunan ƙungiyarsa, Blue Grass Boys, shi ne ya zama sunan kiɗan baki ɗaya. Ya shiga shirin rediyon Grand Ole Opry na Nashville a 1939, amma sautin da muke kira bulugiras a yau ya haɗu ne a ƙarshen 1945, lokacin da Earl Scruggs ya zo da salon banjonsa ya tarar da Lester Flatt a kan jita da waƙa. A 1948 su biyun suka bar shi suka kafa tasu, kuma Monroe ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe da abin a ransa. Makaɗa sama da 150 ne suka ratsa ƙungiyarsa a tsawon rayuwarsa. Jimmy Martin, Mac Wiseman, Peter Rowan, Del McCoury, duk yaransa ne kafin kowa ya tsaya da ƙafarsa. Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu: ɗan amshi yakan yi shekaru a bayan ubangidansa yana karɓar waƙa, yana koyon yadda ake riƙe taro, kafin ya yi tunanin kafa tasa ƙungiya, kuma ranar da ya tashi tafiya akwai maganar albarka da ta ɓacin rai. Haka abin yake a can, bambancin kawai su kundi ne shaidar cewa yaro ya girma.

Maganar jira kuwa babu ƙa'ida guda. Akwai waɗanda ba su jira ba ko kaɗan. Alison Krauss tana da shekara 16 kamfanin Rounder ya fitar mata da kundinta na farko a 1987. Chris Thile yana da 13 Sugar Hill ya fitar da nasa a 1994. Béla Fleck ya yi nasa a 1979 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Biyun farko tun suna yara aka gan su a gasar kiɗa da bukukuwa, kamfanoni suka riga kowa zuwa wurinsu. Amma dubi Sam Bush: ya kafa ƙungiyar New Grass Revival a 1971, kowa ya san babu kamarsa a mandolin, sai tsakiyar shekarun 1980 ya yi kundi da sunansa shi kaɗai, sannan ya ƙara shafe wajen shekara goma kafin ya yi na biyu. Del McCoury ya yi wa Monroe aiki a 1963, ya koma Pennsylvania yana aikin yankan katako don ciyar da iyali, kundinsa na farko ya fito a kamfanin Arhoolie a 1968. Dalilan jiran a bayyane suke ga duk wanda ya zauna da waɗannan mutane. Yaron babbar ƙungiya yana da albashi, yana da motar tafiya da wani ke zuba wa mai, ba ya kiran kowa a waya neman wurin wasa. Yana kan hanya mafi yawan ƙarshen mako daga bazara zuwa kaka. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba: mutum yana iya kaɗa waƙar wani da kyau fiye da mai ita, amma bai taɓa tambayar kansa wace waƙa ce tasa ba.

Kuma yin kundi ba dole yana nufin barin gida ba. Dan Tyminski ya fitar da nasa a 2000 yana cikin Union Station, ƙungiyar Alison Krauss, ya kuma ci gaba da zama a cikinta shekaru masu yawa bayan haka. Wasu suna yin kundin ne don su sauke abin da ke ransu su koma bakin aiki. Wasu kuma shi ne takardar sallama. Mai hankali yakan san wanne yake yi tun kafin ya kama situdiyo, domin amsar ita ce za ta gaya masa irin kundin da ya dace.

Hukunci na farko da zai yanke, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi kuma aka fi raina shi, shi ne matakin muryar da za a rera kowace waƙa, abin da ku a situdiyo kuke kira ki. A bulugiras an saba rera waƙa can sama, murya a matse kamar mai kira daga nesa, kuma Monroe ne ya ɗora mutane a kan haka. Shi ya sa za ka ji waƙoƙi da yawa a ki na B ko B-fulat, masu jita da banjo su ɗaura ɗan matsin da ake kira kafo a wuyan kayansu, su ci gaba da riƙon G da hannunsu ya saba. Mai mandolin da mai goge ba sa amfani da kafo bisa al'ada, su sai dai su koyi kowane ki da yatsunsu. To yaron ƙungiya ya yi shekaru yana rera amshi a ki ɗin da ya dace da maƙogwaron ubangidansa. Idan shi ne mai hawa sama da muryar jagora, ya saba da ihu. Idan shi ne mai bi ta ƙasa, ya saba da ɓoye muryarsa. Ranar da aka ce ya ja waƙa da kansa sai ya ɗauko ki ɗin da ya saba ji, ya yi ta kokawa da shi. Na sha ganin mutum ya rera baiti ɗaya har muryarsa ta fara dishewa, sai furodusa ya ce a sauke kafo mataki biyu. Ana saukewa sai ka ji wani mutum daban: kalmomin sun fito, numfashi ya isa ƙarshen layi, har ka fara jin yadda yake magana a gida. Sai dai wannan sauyi yana jan komai. Banjo ya rasa ƙyallinsa kaɗan, wanda zai yi amshin sama ya samu sauƙi, wanda zai bi ta ƙasa kuma wataƙila ya nutse har a nemo mace ta hau sama a sake tsara muryoyin uku. Duk wannan ya kamata a gama shi a falo, da waya tana ɗauka, makonni kafin ranar situdiyo.

Sai zaɓen waƙoƙi. Nan akwai ramuka biyu da na ga suna cinye kundin farko. Na ɗaya shi ne son nuna hannu. Mutum ya yi shekaru ana ba shi fili na daƙiƙa ashirin ko talatin a cikin waƙa, yau ga minti arba'in nasa ne, sai ya cika su da kiɗa zalla mai gudun tsiya. Makaɗa 'yan'uwansa za su yaba, su saurara sau ɗaya su koyi abin da za su koya. Mai sauraro na gari kuwa waƙa yake nema, labarin gida da aka bari, da uwa, da jirgin ƙasa, da aikin haƙar kwal, da mutuwa, da waƙar ibada ta muryoyi huɗu da aka saba sakawa a kusan kowane kundi na gargajiya. Ba ina cewa kundin kiɗa zalla laifi ba ne. Idan mutum mai goge ne wanda ba ya waƙa, to wannan ce gaskiyarsa, kuma Kenny Baker, wanda ya daɗe yana yi wa Monroe goge, ya yi kundi a 1976 na kare-karen ubangidansa zalla wanda har yau masu koyo ke komawa gare shi. Amma abin da ya riƙe wancan kundi kari ne da mutum zai iya bi da baki, ba gudu ba.

Rami na biyu shi ne tara manyan baƙi. Duniyar bulugiras ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma a Nashville kiran waya ɗaya ya isa ka samu gwanin dobro ko gwanar amshi da sunanta ya cika duniya. Yana da daɗi, yana kuma taimakawa wajen sa gidan rediyo ya buɗe faifan. Sai dai idan kowace waƙa da nata tauraron, mai kundin ya sake komawa gefe a cikin gidansa. Ka gama sauraro ka tuna kowa ban da shi. Akwai kuma matsala ta zahiri: waɗannan baƙi ba za su bi shi yawon wasa ba. Ranar da zai hau dandali da yaran da ya iya biya, mutane za su ji abin da bai kai faifan da suka saya ba. Shawarata kullum ita ce a kafa ƙungiya guda ta mutum huɗu ko biyar ta ɗauki kundin daga farko har ƙarshe, baƙi su shigo a waƙa biyu ko uku inda akwai dalili.

Game da tsofaffin waƙoƙi da sababbi, abin da na fi yarda da shi shi ne mutum ya kawo nasa ko da kaɗan ne, ya haɗa da waɗanda ya tono daga inda ba kowa ke dubawa ba. Waƙoƙin da kowace ƙungiya ke yi a kowane biki an riga an yi su yadda ba za a fi ba. Sannan akwai hukuncin ko zai tsaya cikin iyakar gargajiya. Tony Rice ya yi kundi a 1979 babu banjo ko ɗaya a ciki, a kiɗan da mutane da yawa ke ganin banjo ne ransa, kuma ya zama ɗaya daga cikin kundayen da aka fi girmamawa. Molly Tuttle ta zama mace ta farko da IBMA, ƙungiyar masu harkar bulugiras ta duniya, ta ba kyautar gwanar jita ta shekara a 2017, amma cikakken kundinta na farko a 2019 ya fita daga bulugiras, da ganguna da kayan lantarki. Sai a 2022 ta dawo da kundin bulugiras sosai tare da ƙungiyarta Golden Highway, shi ne ya ci kyautar Grammy. Masu tsattsauran ra'ayi a wannan kiɗa suna da yawa kuma ba sa ɓoye ra'ayinsu, don haka duk wanda zai saka ganga ya san wasu bukukuwa da wasu shirye-shiryen rediyo za su rufe masa ƙofa. Ya yi idan abin da ke ransa ke nan, amma ya yi da saninsa.

Furodusa a nan ba mai buga kiɗa a kwamfuta ba ne kamar yadda kuka saba. Yawanci shi ma makaɗi ne da ya riga shi gogewa. Ron Block na Union Station ya taya Sierra Hull shirya kundinta na Rounder a 2008 tana da shekara 16, Jerry Douglas kuma ya taya Molly Tuttle a na 2022. Aikinsa kunne ne da baki: ya ce wannan waƙa ba ta kai ba a cire ta, wannan ɗauka ta uku ita ce, a daina. Wanda ke yin kundin farko ba ya iya jin kansa. Kuskuren yatsa ɗaya da babu wanda zai lura da shi zai hana shi barci, alhali waƙar da ta mutu gaba ɗaya ba zai ji ta mutu ba. Ina ganin kuɗin da aka ba furodusa nagari ya fi wanda aka ƙara wa situdiyo amfani.

Yanzu ga ɓangarenka, ɗaukar sauti. Hanya biyu ce, kuma ana jayayya a kansu har gobe. Ta farko ita ce ta dā: kowa a ɗaki ɗaya, a yi da'ira, a kaɗa a rera lokaci guda. A zamanin Monroe ma makirfo ɗaya ake kewayewa, wanda filinsa ya zo ya matso, ya gama ya ja baya, wato da ƙafa ake yin miksin, daidaita ƙarar kowa. Del McCoury da 'ya'yansa sun dawo da wannan salo a kan dandali, yana da kyan kallo ƙwarai. Ta biyu ita ce kowa a ɗan ɗakinsa da abin ji a kunne, a ɗauki gindin kiɗan, daga baya kowa ya gyara nasa, a ɗora muryoyi a ƙarshe.

Abin da ke raba su shi ne yoyon sauti. Banjo na bulugiras yana da faranti a bayansa da zoben ƙarfe a ciki, ƙararsa tana shiga kowane makirfo a ɗakin. Jita kuwa, ko da babba ce ƙirar kamfanin Martin irin D-28 da suka fi so, idan ana kaɗa kari a kanta tsirkiya ɗaya-ɗaya ita ce mafi raunin murya a wurin. Idan ka ɗauke su a ɗaki ɗaya, ka ɗaga jita a miksin, banjo zai biyo ta. Kuma idan mai mandolin ya yi kuskure ba za ka iya sake nasa shi kaɗai ba, domin tsohon yana nan a makirfon kowa. Yadda na ga masu gwaninta suna yi shi ne su zaunar da mai banjo ta inda bayan makirfon jita ke kallonsa, su sa allon tare sauti mai tsayin ƙirji tsakaninsu yadda za su ci gaba da ganin idon juna, su kai bes kusurwa ko ɗan ɗaki mai taga. Makirfon jita yakan kalli wajen da wuya ya haɗu da jiki, ba ramin ba, don ramin iska da gurnani kawai zai ba ka. Na goge a ɗaga shi sama a ɗan nisanta, in ba haka ba ƙarar gogar baka za ta fi kiɗan fitowa. Na bes kuwa da yawa suna sa biyu, ɗaya ƙasa don nauyi, ɗaya sama don jin yatsa a kan tsirkiya.

Sai rigimar kilik, wato bugun da kwamfuta ke yi wa makaɗa a kunne don saurin kiɗa ya tsaya daidai. Kai ka saba komai yana kan layin kwamfuta. A bulugiras akwai abin da suke nema wanda kilik ke iya kashewa: bes yana zaune daram a kan bugu, banjo da mandolin suna ɗan jingina gaba kamar za su riga shi amma ba su riga shi ba. Wannan ɗan ja-in-ja shi ke sa ka ji kiɗan yana tura ka ko da saurinsa bai ƙaru ba. Ƙungiyar da ta saba da juna tana yin sa ba tare da tunani ba, kuma amshi yakan ɗan ɗaga da kansa. Idan ka kama kowane sara ka jera shi a kan layi, za ka samu abu mai tsabta wanda babu rai a cikinsa. Ga kundin farko ni ina bayan a ɗauki kayan kiɗa tare, babu kilik idan mai bes ɗin abin dogaro ne, mai waƙa ya rera tare da su ko da za a sake muryar daga baya. Sau da yawa ma wannan muryar ta gwaji ita ake bari, don a lokacin bai san ana jarraba shi ba. Amshin muryoyi uku kuma ya fi haɗuwa idan sun tsaya tare suna kallon bakin juna, domin abin da ke sa su zama murya ɗaya shi ne su buɗe wasali iri ɗaya su rufe kalma lokaci guda.

A miksin ka riƙe hannunka. Matse sauti da yawa yana kashe jita, amsa-kuwwa mai yawa tana jiƙa sarar mandolin, gyaran murya na kwamfuta kuma yana goge ɗan lanƙwasar da mawaƙan nan ke yi da gangan yayin hawa kan sauti, wadda suka gada daga waƙoƙin coci da na baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Monroe da kansa ya sha ambaton Arnold Shultz, baƙar fata mai jita da goge, cikin waɗanda ya koya a wurinsu. Banjon ma asalinsa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karibiyan da Amurka, da duma da fata da sanda, dangin akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, kuma duk wanda ya san gurmi zai ga kamar. Idan kunnenka ya ji wani abu da ya sani a cikin wannan kiɗa, akwai dalili.

Saura kuɗi, inda mafarki ke haɗuwa da lissafi. Mai kundi zai biya makaɗa, situdiyo, injiniya, mastarin (gyaran sauti na ƙarshe), hoto da zanen bango, buga faifai, da mai tallata shi ga rediyo da jaridu. Kamfanonin wannan fanni ba su da yawa: Rounder da aka kafa a 1970, Rebel, Compass na Alison Brown da Garry West, Pinecastle, Mountain Home, Mountain Fever. Idan ɗayansu ya ɗauke ka zai taimaka da kuɗi da rarrabawa, amma yawanci shi ke mallakar ainihin ɗaukar, kuma sai ya cire abin da ya kashe kafin ka ga wani abu. Shi ya sa da yawa yanzu suke tara kuɗi daga masoyansu ta Kickstarter da makamantansa, su riƙe mallakar abinsu.

Dokar Amurka ta ba kowa damar sake rera waƙar da aka riga aka fitar ba tare da neman yardar marubucinta ba, muddin zai biya kuɗin da hukuma ta ƙayyade. Wannan kuɗi ya daɗe a kan santi 9.1 (santi ɗari ne dala ɗaya) ga kowace waƙa a kowane faifai, a 2023 ya koma santi 12, kuma yana ɗan ƙaruwa duk shekara. Ka lissafa: waƙoƙin wasu guda goma a faifai dubu, dala 1,200 ke nan a farashin 2023, kafin ka sayar da ko ɗaya. Waƙar da ka rubuta da kanka, ko tsohuwar da ta riga ta zama ta kowa, babu wannan caji a kanta. Ga wani dalili ke nan na kawo naka. Sannan akwai abin da yaron ƙungiya ya kamata ya sani tun da wuri. Rediyon AM da FM a Amurka marubucin waƙa kawai suke biya, ba sa biyan wanda ya rera. Rediyon tauraron ɗan'adam da na intanet kuwa suna biya ta hannun SoundExchange, ƙungiyar da ke tattara wannan kuɗi, inda ake raba kuɗin haka: kashi 50 ga mai mallakar ɗaukar, 45 ga wanda sunansa ke kan kundin, 5 kacal ga dukkan makaɗan da suka taya. Tashar Bluegrass Junction ta SiriusXM tana cikin wannan rukuni, kuma masu sauraron bulugiras suna jinta sosai. Wato mutumin da ya yi shekaru yana rabon kashi 5 da wasu, idan ya yi kundinsa ya kuma riƙe mallakarsa, kashi 95 nasa ne. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana maka dalilin da ya sa wasu ke yin kundi ko da ba su da niyyar barin ubangidansu.

Spotify da ire-irensa ba sa kawo wani abin kirki ga ƙaramin mawaƙi, tun 2024 ma waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ba a biyanta komai a Spotify. Abin da ya taimaki bulugiras shi ne har yanzu masu sauraronsa suna sayen faifai hannu da hannu. Tun bikin kwanaki da Carlton Haney ya shirya a Fincastle ta jihar Virginia a 1965, rayuwar wannan kiɗa a bukukuwa take: Bean Blossom da Monroe ya fara a Indiana a 1967, Telluride a Colorado, MerleFest a North Carolina. Ana sauka daga dandali sai mawaƙi ya wuce teburinsa, ya tsaya yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, yana sa hannu a faifai. Manya da ƙanana duk suna yin haka, kuma wanda ya ƙi fitowa ana lura. A wannan tebur ne mafi yawan kundayen farko ke mayar da kuɗinsu.

Wannan ya kawo mu ga lokaci, wanda sababbi ke yawan ɓatawa. Masu shirya bukukuwa suna cika jerin mawaƙansu watanni da yawa kafin lokaci, wasu kusan shekara. Buga faifan garmaho yana cin watanni, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti ashirin da 'yan kai ba tare da sauti ya ragu ba, don haka tun wajen jera waƙoƙi ake tunaninsa. Taron shekara-shekara na IBMA, ƙungiyar da aka kafa a 1985, ana yin sa ne wajen watan Satumba. Ya zauna a Raleigh daga 2013 zuwa 2024, ya koma Chattanooga a 2025. Can ne masu bukukuwa da 'yan rediyo da wakilan kamfanoni ke zuwa jin sababbi. Wanda ke son kundinsa ya yi tafiya yakan sa waƙa ɗaya ko biyu su riga shi zuwa rediyo, ya je wannan taro da ƙungiyar da za ta bi shi, ya nemi ranakun wasa na shekara mai zuwa. Idan kuma har yanzu yana cin albashin wani, to kafin duk wannan sai ya zauna da ubangidansa su daidaita ranakun da zai samu, da ko za a bar shi ya ajiye faifansa a teburin ƙungiya, da ko za a ba shi waƙa ɗaya daga ciki ya ja a kowane wasa. Yawancin shugabannin ƙungiyoyi suna yarda idan daga bakin yaron suka fara jin maganar.